Kwaɗo a Ƙofar Mai Rabon Wasiƙu

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin 'yarsa, kafin matan ƙauyen nan da yanzu kowace ke rantsuwa ta daɗe da lura. Ina faskare a bakin ƙofata Rasim ya sauko daga tudu, da hular gidan waya a kansa, wadda ya rataye shekara da shekaru tun da ya bar aiki. Ya tsaya, ya laluba kafaɗarsa inda jaka take zama a da, ya ce, "Sakib, yau ba ka da komai."

"Wa gare ni a waje da zai rubuto mini? Ko matattu sun fara aiko da takarda?"

Bai yi dariya ba. Ya wuce gidan Zejna, gwauruwar da ke ƙasa da mu, ya ƙwanƙwasa. Nan na ajiye gatari, na ce wa kaina mutumin nan kansa ya fara yoyo.

Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da babban yatsa nake sa shi. Amma a dajin bayan ƙauyen nan na ƙare ƙuruciyata ina saran itace, kuma ina gane bishiyar da ta ruɓe daga ciki tun ganyenta yana kore. Yaƙi ya ci mini yatsun ƙafa da ɗa namiji, hunturu ya kwashe tsararrakina ɗaya bayan ɗaya, ni ina nan daram. Rasim maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, shi ke karanta mini duk takardar da hukuma ta aiko. Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, kullum sai an yi masa allura.

To, a wurinmu ba a barin mai wasiƙa a tsaye bakin ƙofa. Shigar da shi ake yi, a ɗora gahawa, a kawo finjali da ƙwayar sukari a gefe, ya tsoma, ya gatsa, ya kurɓa. Haka aka yi masa tsawon aikinsa, haka aka ci gaba. Ya fito daga gidan Zejna ya manta ya sha, ya faɗa gidan Hajrija matar mahauci. Kafin azahar ya zagaye ƙauyen, bakinsa a bushe, yana neman wurin fitsari a kowane lungu.

Na bi matan gida-gida na ce su daina. Zejna ta ce ba a gidanta za a fara ba baƙo gahawa tsirara ba. Hajrija ta ce ƙwaya ɗaya ba ta kisa, ta kuma tambaye ni yaushe na zama likita, ni da ko alif ban sani ba. Na ce mata ɗaya ce a gidanta, amma ta leƙa ta ga yawan hayaƙin da ke tashi a ƙauyen nan, kowane da tukunyar gahawa a ƙarƙashinsa. Ta rufe mini ƙofa a fuska.

Ba a daɗe ba ya faɗi a gaban masallaci, aka kai shi asibitin birni. 'Yarsa Fadila ta taso daga Ostiriya inda take aiki. Likita ya gaya mata ciwon ya daɗe yana cin jijiyoyin kansa, abin da ya zube ba zai dawo ba. Abin da na faɗa ne tun ina riƙe da gatari, sai dai shi da farar riga ya faɗa. Fadila ba za ta iya zama ba, ga aiki ga yara. Ta samo wata mata da za ta riƙa zuwa safe da yamma saboda allura da abinci. Sannan ta sayo kwaɗo, ta sa aka kafa shi a ƙofar ta waje.

Na ce, "Fadila, cire wannan."

"Baffa Sakib, ko kwaɗo ko gidan tsofaffi. Kai zaɓar mini."

"Kin san inda aka ajiye babanki lokacin yaƙi?"

Ta sani. A siton wata masana'anta aka tara su wata da watanni, a kulle ta waje, kullum ana fitar da wasu ba sa dawowa. Tana ƙarama a lokacin. Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Baba ko sunana ba ya tunawa, Baffa. Wannan ma ya manta."

Yarinyar kirki ce, amma ba ta san irin abin da ba ya barin mutum ba.

Washegarin tafiyarta, da hantsi, na ji shi ta katanga. Ba ihu yake ba. Ƙwanƙwasawa yake a hankali, da muryar ladabi wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. "Ranka ya daɗe, ni ba soja ba ne. Wasiƙa nake rabawa. Ku tambayi kowa." Na zagaya na leƙa ta taga. Ya bar ƙofar, ya fuskanci bango, hannuwansa a ƙeya, wandonsa a jiƙe.

Sara ɗaya na yi wa kwaɗon da gatari. Na haye tamanin, amma sara ɗaya.

Bai juyo ba sai da na taɓa shi. Ya ce, "An sake mu?"

"An sake mu. Sauya wando ka ɗauko hularka, mutane na jiran wasiƙa."

Da yamma Zejna ta kawo mini wayarta, Fadila na ciki tana kuka tana faɗa. Ta ce za ta kira 'yan sanda. Na ce ta turo su, su taho da nasu kwaɗon, gatarina na nan. Ta ce duk abin da ya sami babanta yana wuyana. Na ce wuyan nan ya ɗauki gungumen da ya fi wannan. 'Yan sandan ba su zo ba, sabon kwaɗo ma bai zo ba.

Daga ranar kullum tare muke zagaye. A kawo finjali, in miƙa hannu in ɗauke sukarinsa in jefa a bakina a gaban mai gidan. Hajrija ta sa mini suna tsohon bunsuru. Zejna takan zura masa ƙwaya a aljihu idan na juya, ni kuma in caje shi a bakin hanya kamar ɓarawo. Wata ta kuɓuce mini? Ta yiwu. Mutum ɗaya ne ni, su ƙauye guda. Shi kuwa ya daina sanin sunana, yaro yake ce mini, ni da na girme shi. Ya riƙa kai ƙarata wurin mata, wai mataimakin da gidan waya ya ba shi ba shi da tarbiyya, ɗan kwaɗayi ne.

Haka muka cinye lokacin zafi har tuffa ta nuna.

Ranar ƙarshe tafiyarsa ta yi nauyi, amma ya ƙi komawa sai ya kai gidan da ke can ƙarshen tudu. Gidan ba rufi, ba kowa cikinsa tun yaƙi, amma kullum sai ya ƙwanƙwasa ginshiƙin ƙofar. Ya ƙwanƙwasa, ya jira, sannan ya zauna a kan guntuwar katangar da ta rage, yana haki.

"Yaro, akwai saura?"

"Babu. Ka raba duka."

"To, madalla."

Ya cire takalmansa ya jera su, yadda mutum ke yi a bakin ɗakinsa, ya jingina da kafaɗata. Na ɗauka barci ne, sai da na ji nauyin ya sauya. Na faɗa masa kalmar shahada a kunne. Ni kaɗai na goyo shi har bakin masallaci, ban sauke shi a hanya ba.

Fadila ba ta dube ni ba a wurin ta'aziyya. Kafin ta koma ta aiko Zejna da farantin alewa, ba saƙo. Na cinye.

Yanzu ina jin ana ƙus-ƙus a kanti, wai da an bar shi a kulle da har yau yana da rai. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, amma su sun fi likita. Ƙila da ya kai hunturu, ban musa ba. Da ya kai shi yana kallon bango da hannu a ƙeya.

Duk wanda ke ganin ƙarya nake, ko yana ganin na yi laifi, ya hau tudun nan da ƙafarsa idan yana da ƙafar. Ya zauna kan katangar da hantsi, ya dubi ƙasa: jajayen rufi, hayaƙi na miƙewa daga kowane, hanya ta ratsa tsakaninsu fayau har bakin rafi. Idan ya gama kallo ya sauko ya faɗa mini a ido. Ina bakin ƙofata.