Kan Burtu a Gonar Alkama

Aikina na farko bayan na gama karatun noma a Villeurbanne, ƙungiyar manoman wani ƙauye ce a arewacin Lyon ta ba ni, ƙasar tafkuna da hazo. Gwaji ne na wata uku. Da na tambayi shugabansu, Musye Gonin, abin da zan soma da shi, sai ya nuna mini gona ta taga. Dinyar Kanada ce ta fi ɗari biyu, ta baje a kan alkamar da ta tsiro, tana kiwo kamar ita ta shuka.

"Ki raba mu da waɗannan kafin Disamba," ya ce, "sai mu yi maganar zamanki."

A shekarar, 2014, doka ta riga ta yarda a harbe su, ni kuma na ci jarrabawar farauta ina da takardata. Matsalar harsashi ce. Kusa da ruwa an hana na dalma, don tsuntsaye na haɗiye ƙwayoyin su mutu da guba. Sai na ƙarfe, shi kuwa ba shi da nauyi, in ya wuce mita talatin da 'yan kai sai dai ya kakkaɓe wa dinya gashi. Su kuma 'yan banzan sun gane. Tsakiyar fili suke zama, nesa da kowane shinge. Sati biyar ina sanɗa, ban taɓa ko ɗaya ba.

Wani manomi ya ja ni gefe, ya ce in sa na dalma, ba wanda zai sani. Na ce ni zan sani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da 'yarsa ce ba zai ba ta shawarar da za ta sa a ƙwace mata bindiga ba.

Ran Juma'a na kira Baba a Paris. Malam Ilya ke nan, shekara talatin yana sharar titi a unguwar La Goutte d'Or, amma jikan maharban Dakoro ne, kuma ba ya bari a manta. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai.

"Raliatou, mita nawa kika ce?"

"Talatin, Baba."

"Kakanki da kibiya yake zuwa taku goma. Ina nan tahowa gobe."

"Baba, ba ka da permin farauta, ba za ka taɓa bindiga ba."

"Wa ya ce miki bindiga? Ki tarbe ni a gar, tashar jirgin ƙasa."

Ya sauka daga jirgin ƙasa da jakar leda. A cikinta akwai kan burtu na itace, mai dogon baki da jan maƙogwaro, irin wanda maharbanmu ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe har dabba ta ɗauka tsuntsu ne. Tun daga gida ya zo da shi, yana ƙasan akwati duk shekarun nan.

Gaskiya kunya ta kama ni. Washegari da safe manoma huɗu suna tsaye bakin hanya, ga ubana ɗan shekara sittin da uku ya lulluɓa da baƙin bargo, ya shiga taɓo da gwiwa. Bai yi taku ashirin ba dinya ta tashi gaba ɗaya, kamar an buga gwangwani. Manoman suka yi dariya har ɗaya ya dafa mota. Na ji kamar in nutse.

Baba ya dawo yana kaɗe gwiwa, ko a jikinsa. "Laifina ne. Ba su san burtu ba. A ina za su san shi?"

Kwana biyu bai sake shiga gona ba. Yakan zauna a gindin shinge da bargonsa da butar shayi, yana kallo kawai. A rana ta biyu ya ce in lura: akwai wasu manyan fararen tsuntsaye masu dogon wuya da ke fitowa daga tafki su shiga garken, dinya ba ta gudunsu, sai dai ta matsa musu a hankali. Ya aike ni kanti na sayo farin fenti da zanen gado. Da hannunsa ya shafe kan burtun kakana fari fat.

Na duba takardun doka, mai koro dabba ba tare da makami ba ba ya buƙatar izini. Na gaya wa Musye Gonin, ya ɗaga kafaɗa, amma ranar Laraba ya zo kallo, shi da mutanensa.

Na kwanta a rami gefen shinge da harsashin ƙarfe biyu a bindiga. Baba ya shigo ta can ɗaya gefen, lulluɓe da farin zanen gadon, kan burtun a goshinsa. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya sunkuyar da kan kamar mai tsintar ciyawa, ya karkata, ya sake matsowa. Dinya ta ɗaga wuya, ta dube shi, ta ci gaba da kiwo, ta ɗan ja baya. Haka ya yi ta turo su wajena. Minti hamsin ya yi a kan gwiwa cikin sanyin Nuwamba, mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga sallah. Bakin hanya tsit, ba mai dariya.

Da suka iso mita ashirin da biyar na miƙe, na yi bisimilla, na harba sau biyu. Biyu suka faɗi. Sauran suka tashi da kuka, suka haye tafkin.

Musye Gonin ya iso yana haki. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba; in za mu maimaita sau uku ko huɗu, garken zai daina yarda da filin, kuma maganar zamana ta ƙare, in zo Litinin in sa hannu. Sannan ya tambayi Baba a wace makaranta ya koya.

Baba ya nufi inda biyun suka faɗi. Ya fara yanka wadda ke da sauran numfashi, ya goge wuƙa, ya miƙe da ƙyar, taɓo har ƙirji. Sai ya ɗaga kai ya soma kirarin gidansu da ƙarfi, a gaban Turawan nan, yana jero maharba ɗaya bayan ɗaya tun daga kakan kakansa. Na zaci a kansa zai tsaya. Ya tsallake nasa sunan, ya kira nawa.