Manhajar da Ba Ta da Turke

Tun da Ummu Salma ta dawo daga kwalejin Bici da takardar koyon kwamfuta, babu abin da za a ambata a gidan Malam Abdulmumin ba ta ce "ai akwai manhajar da ke yin wannan" ba. Saura kiris ta ce akwai ta dakan fura.

Shi kuwa mahaifin nata, shekara bakwai yana karantar da fikihu a zaurensa ana ɗauka a waya, kafin ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya, sai raɗa. Duk karatun nan yana cikin kwamfutarta, a warwatse cikin folda-folda, kuma babu shi a ko'ina sai nan, don wayar tuni ta faɗa rijiya. Ranar Juma'a tsofaffin ɗalibansa za su zo daga Bacirawa da memori su kwafa.

"Baba, bar min," in ji ta. "Zan rubuta manhaja ta tara maka shi wuri ɗaya, kafin ka gama alwala."

Ta kuwa rubuta. Aikin manhajar shi ne ta shiga kowace folda, ta kwashe sautin da ta tarar, in ta gama ta buɗe sabuwar folda mai suna Rumbu a nan inda take tsaye ta zuba. Kwashewa fa, ba kwafa ba, don gwanaye ba sa tsoro.

Da hantsin Alhamis ta danna. Manhaja ta rubuta cewa ta gama. Ummu Salma ta duba babbar foldar da ta tashe ta daga ciki, babu Rumbu. Ta leƙa tsofaffin wuraren, wayam, an share su kamar tsakar gida ranar suna. Ta kashe kwamfuta ta kunna, ta hura mata iska, ta yi mata addu'ar da ta san ba ta cikin littafin kwaleji. Tsoro ne na gaske ya kama ta, don muryar ubanta ce ta ɓatar, wadda ba za ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Ta ɗauki kwamfutar ta gudu bayan gida, inda kakarta Inna Talle ke zuba wa awaki harawa. Damina ce, gero ya kai gwiwa, gona na manne da gona har bakin danga, kowace akuya a unguwar tana ɗaure.

"Ke, wa ya mutu?" in ji Inna.

Ummu Salma ta kwashe labari ta faɗa mata, tana haɗawa da Turanci don kuka ya rage fitowa. Inna ta saurara tana sakace.

"Tsaya. Ita wannan aba taki, kin aike ta gida-gida ta kwaso kaya?"

"E."

"Kika ce ta sauke a inda take tsaye?"

"E mana, Inna."

"To a ina take tsaye?"

"Ai a inda na tashe ta..."

"Wa ya dawo da ita?" Inna ta nuna jar akuyarta da haɓa. "Kin ga wannan marar kunyar? Bara ta tsinke, sati biyu ina ciyar da ita da dusata tana zuba taki a gonar maƙwabcinmu Khalilu. Masararsa ta yi kyau, ko godiya. Ke kin saki abu ba turke ba igiya, kuma kina neman takinsa a gidanku?"

Ummu Salma ta buɗe kwamfutar ta gangara zuwa folda ta ƙarshe a jeri, wadda manhajar ta shiga daga ƙarshe. Sunanta Zuwan Likitan Awaki, hotunan kofato da kumburin baki da ta taɓa tura wa malamin dabbobi a Kunci. Ga Rumbu nan zaune a tsakiyarsu, karatun shekara bakwai cif, ko ɗaya bai ɓace ba.

Ba ta tashi daga wurin ba sai da ta gyara. Yanzu kafin manhajar ta taka ko'ina sai ta rubuta inda ta fara, kuma ba ta ajiye komai sai ta koma can, ko da ta yi tuntuɓe a hanya. Layin umarnin da ke riƙe wurin a cikin manhajar ta sa masa suna turke.

Inna ba ta iya riƙe magana, don haka kafin la'asar Malam ya ji cewa karatunsa ya yi wuni a cikin awaki. Ya kira Ummu Salma zaure. Ta durƙusa tana jiran faɗa.

"Sun fahimta kuwa?" ya raɗa.

"Su wa, Baba?"

"Awakin. Ɗaliban dai rabinsu gyangyaɗi suke yi."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta danna karatun farko. Murya ta cika zauren, kakkaura, tana jan bismilla ba tare da ko tari ba. Malam ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana sauraron kansa, yana motsa leɓe tare da ita. Da karatun ya ƙare ya share ido da bakin rawani.

"Ummu," ya ce a hankali, "ki ƙara wa muryar nan igiya ta biyu. A kwafa a ajiye a wani wurin ma."