Zane Na Arba'in da Bakwai

Duk wanda ya taɓa kai shadda aikin wuya a kasuwar Magariya ya san shagon Idrisa tela, ya kuma san tsohuwar ordinatar nan, wato kwamfuta, ta kusurwa da yake lulluɓewa da zane kamar jaririya. Ita ke tuƙa keken aiki. A cikinta akwai zanen wuya arba'in da bakwai waɗanda matarsa Khairat ta tsara kafin ta rasu. Ba a buɗe su sai da manhajar keken, manhajar kuwa ba ta zama sai a kan wannan tsohon sistem, faifanta kuma ya ɓace tun shekarar da ruwa ya shiga shagon.

Wata Talata aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ordinatar tana tsakiyar aiki. Da ya dawo, manhajar ta ce atafau ba ta buɗewa. Idrisa ya kashe ya kunna har sau bakwai, kana ya aika aka kira Mas'udu mai gyara.

Shi Mas'udu ba mugu ba ne, Allah shaida, gaggawa ce kawai ta yi masa katutu. Ya zaro wani faifan bincike da ya sayo a Kano, ya sa shi ya duba fishiyoyin sistem, wato fayilolinsa, ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga jan rubutu ya cika ekran, fuskar ordinatar. Ɗari biyu da goma sha biyu, wai duk ba daidai suke ba.

"Malam Idrisa, wannan ai ta gama yawo," in ji shi. "Birus, cutar na'ura, ya cinye ta. A goge komai a zuba sabo."

"Zanen fa?"

"Zan kwafe maka su a kile na USB. Buɗe su ne dai..." Ya ɗaga kafaɗa.

Idrisa ya dubi ordinatar. Shekara huɗu yana shigowa da safe ya tarar da hannun Khairat a shagon, yanzu a ce a goge? Ya roƙi kwana ɗaya, ya buga wa Nasiba, ƙanwar marigayiyar, wadda ke koyar da ordinata a wani kwaleji a Dungass.

Washegari da hantsi kabu-kabu ya sauke ta. Ko ruwa ba ta sha ba ta zauna, ta buɗe fishiye ɗaya daga cikin jajayen, ta karanta lambar da ke jikinsa. Ta buɗe na biyu. Sai ta juyo.

"Mas'udu, faifan nan naka da wane harshe yake magana?"

"Ingilishi mana."

"Ita kuma da Faransanci aka zuba ta. Kuma sistem ɗin nan sau uku ya fito. Naka na fitowa ta uku ne, tata ta biyu ce. Sunan fishiye ɗaya, lamba daban. Yaya za a yi su yi daidai?"

Idrisa bai san kan ordinata ba, amma wannan kam ya gane. "Wato awon Habu ka ɗauka ka gwada rigar Maina, ka ce ɗinkin ya lalace?"

Mas'udu ya sosa ƙeya. "Wallahi duk na'urorin da nake gyarawa daga tsallaken iyaka suke zuwa, Madam. Ban taɓa kawo wannan a raina ba."

Nasiba ta fito da faifan da ta aro daga ma'ajiyar kwalejinsu, na Faransanci, fitowa ta biyu. Aka sake bincike. Jajaye uku kacal suka rage! Mas'udu ya miƙa hannu zai sauya dukansu, ta buge masa hannu da biro.

"Tsaya tukuna. Dubi lambar waɗannan biyun, ta fi ta faifan girma. Gyara ne aka taɓa yi musu tun da, lafiyarsu ƙalau. In ka mayar da su baya ka jawo mana wata matsalar." Ta nuna na uku. "Wannan lambarsa daidai, amma nauyinsa bai kai rabi ba. Shi kuran ya katse."

Ta ajiye kwafinsa gefe, ta ɗora lafiyayye, ta kashe ta kunna. Manhajar ta yi jim, ta yi jim, sannan ta buɗe, jerin zanen ya sauko.

"Alhamdu lillahi! Nasiba, Allah ya saka miki, Allah ya raya miki zuri'a." Haka Idrisa ya yi ta jero mata addu'a. Har Mas'udu ya samu tasa addu'ar, don ya yarda ya jira kwana ɗayan nan.

"Yaya Idrisa, a gwada keken mu gani," in ji ta. Ta gangara ƙasan jerin don ta zaɓi ɗaya, sai hannunta ya tsaya. Na arba'in da bakwai, sunansa "Na Nasiba".

"Shi ta yi ƙarshe, tana jinya," in ji Idrisa a hankali. "Ta ce in ɗinka miki. Sau nawa na buɗe shi na kasa. Ki yafe mini, jiya saura kaɗan ya tafi ba ki gan shi ba."

Nasiba ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa ya miƙe ya ɗauko farar shaddar da ya ajiye shekara huɗu a ƙasan akwati, ya ɗaura ta a keken, ya zura zare.