Gidan da Na Ce Ba Kowa

Sun riga sun ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarmu Inna Iyatu sau uku lokacin da na fito zubar da shara. Su biyu ne, ɗaya da farar jallabiya, ɗaya da rigar ma'aikata mai ratsin ruwan lemo, yana riƙe da ƙatuwar waya irin wadda ake rubutu a kanta. Na so in koma ciki, amma sun gan ni.

"Ya hajja," in ji mai jallabiyar, da Larabci. "Akwai mutum a gidan nan?"

Na san tana ciki. Na san ma inda take: a tsugune bayan ƙofar ɗakinta, ta toshe baki da gefen mayafi kada tari ya tona ta. Shekara arba'in da biyu ke nan da ta zo Umara daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ba ta koma ba, kuma ba ta taɓa riƙe iƙama ba, wato takardar zama. Duk wanda ya tsaya a ƙofa da abin rubutu, a wurinta mai kame ne. Ni ma haka nake ganinsu, ko da yake takarduna da na mijina Munzali lafiya lau suke.

"Ma fi ahad," na ce. Ba kowa.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Ɗayan ya danna wayar. Ya tambayi namu gidan, na ce mu biyu ne, ya sake dannawa, suka wuce gaba.

Da na shiga wurinta da rana, dariya take yi har da riƙe ciki.

"Sailuba! Ashe kin iya ƙarya? Ke da sai a wuni ba a ji muryarki ba. 'An daɗe.' Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Gidan ba nata ba ne. Na wata tsohuwar Balarabiya ne da ta yi wa aiki shekara talatin. Da matar ta rasu, 'ya'yanta da ke wani gari suka bar Inna a ciki, suka manta da ita da gidan gaba ɗaya. Takan ce da ta zo Gubaira, wannan unguwa tamu ta Riyad, daga ƙofarta kana hango awaki a fili. Yanzu benaye ake hangowa, kullum suna ƙara matsowa. Tun bara aka liƙa taswira a bangon masallacin layinmu: babban titi zai bi ta kan gidajenmu, gefe da gefe kuma gidaje masu hawa shida. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Kwana tara bayan zuwan mutanen nan aka liƙa wata takarda a ƙarƙashin taswirar. Ni sai da na girma na yi karatu, a ajin matan masallaci, shi ya sa ba na sauri. Na tsaya a rana ina bin layukan da yatsa. Gidajen da ke da mutane an ba su wata takwas su nemi wuri. Waɗanda ba kowa za a yanke musu wuta da ruwa, da su za a fara rusau. A ƙasa an jera lambobi. Na goma sha huɗu, gidan Inna, yana ciki.

Na karanta sau uku ko zai canja.

Ranar Lahadi da hantsi na ji mukayyaf ɗinta ya yi shiru. Na'urar sanyaya ɗaki ce tsohuwa, mai ƙara kamar injin markaɗe, ta bango muke jin ta shekara da shekaru. Watan Yuli ne. Wanda bai zauna Riyad ba ba zai gane ba. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ruwan famfo kuwa zai iya dafa shayi.

"Maigida, mu dawo da ita nan," na ce wa Munzali da ya dawo daga kasuwar Aziziya.



"Kin san hukuncin ɓoye wanda ba shi da takarda? Iƙamarmu ce za ta tafi. Ni da ke, jirgi." Ya shafa fuska. "Je ki ɗauko ta. Allah ya rufa asiri."

Ita ce ta ƙi.

"In shiga gidanku a kama ku saboda ni? Da furfurata? A'a. Ni na san zafi tun ba a haife ki ba. Da muka zo garin nan wa ke da mukayyaf? Buhu muke jiƙawa mu rataya a taga."

"Inna, lokacin shekararki nawa?"

"Ke, rufe mini baki."

Munzali ya jefa wayar wuta daga gidanmu ta kan katanga, muka haɗa mata fanka. Da ya gwada haɗa mukayyaf ɗin, wayar ta yi zafi har robarta ta fara wari, ya cire da sauri. Fankar kuwa iskar zafi kawai take juyawa. Na jiƙa buhuna na rataya mata kamar yadda ta ce, kafin in gama wanke kwano biyu sun bushe ƙamas. Ya riƙa kawo ƙanƙara daga kasuwa, ina ɗebar mata ruwa a jarka.

Ranar Litinin na ce mata, "Inna, bari in je in gaya musu na yi kuskure. Ofishinsu yana ƙarshen layi."

Ta kama wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Ki gaya musu me? Su kai ni tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora? Su ɗora ni a jirgi su sauke ni a ina? Wa na sani can? Waɗanda na sani duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ko hanyar garinmu ba zan gane ba. Ki rantse ba za ki je ba."

Na yi ƙoƙarin zare hannuna.

"Sailuba, da ke nake."

"Na ji, Inna."

"Na ji ba rantsuwa ba ce."

Ban rantse ba, ban kuma je ba. Ranar Talata na sa abaya har na kai ƙofa, na hango motar 'yan sanda tana wucewa a titi, na koma na zauna. Duk wanda ya ɗaga murya a layi sai in leƙa ƙofa. Idan na je, na miƙa ta da hannuna. Idan ban je ba, ga ta can tana dahuwa a ɗakin da ni na ce ba kowa.

Ranar Laraba da safe na kai mata kunu. Ba ta sha ba. Na taɓa goshinta, ya yi zafi kuma a bushe, ko ɗigon gumi babu.

"Sabuwa, kin ɗaure awakin?" ta ce.

"Ni ce Sailuba, Inna."

"To, ki ɗaure su. Za su shiga gonar mutane."

Na jiƙa zane na lulluɓa mata, na fita ban ko rufe namu gidan ba.

Ofishin ɗakin ƙarfe ne da aka ajiye a filin da suka riga suka share. Akwai layi, masu gidaje da takardunsu a hannu, kowa da ƙorafinsa. Wani yana faɗa a kan titin ya ci rabin shagonsa, wani yana tambaya ko za a bar masallacin. Na tsaya a baya fiye da awa ɗaya, iƙamata a cikin tafin hannuna har ta jiƙe. Da na iso gaban tebur, sai ga mai jallabiyar nan.

"Gida na goma sha huɗu," na ce. "Akwai mutum. Tsohuwa ce. Ni na ce muku ba kowa."

Ya ɗago ya dube ni.

"Tun Lahadi tana ciki ba wuta?"

"E."

"La haula wala ƙuwwata. Me ya sa, ya hajja?"

"Ba ta da takarda."

Ina jira ya kira wani. Ina jira ya ce in miƙo tawa. Sai ya ajiye biro.

"Mu ba ruwanmu da takarda. Kawuna muke ƙirgawa, don mu san gidan da za mu jira. Ko sunanta ba na bukata." Ya ɗauki waya ya yi magana da sauri, ya juyo. "Za a mayar da wutar kafin la'asar. Ki koma wurinta. Ki kira motar asibiti idan ta galabaita, kin ji? Kada ki tsaya tsoro."

Ban san yadda na dawo ba. Na dai tuna takalmina ɗaya ya tsinke, na riƙe shi a hannu, ƙasa tana ƙona ni.

"Inna! Sun ce ba ruwansu da takarda! Inna, ko sunanki..."

Tana kwance yadda na bar ta, ta juya fuska bango. Zanen da na jiƙa ya bushe. Fanka tana ta juyawa. Na kira ta sau biyu, na sa hannu a ƙirjinta, na sa kunne. Sai na zauna a ƙasa na yi salati, na rufe mata ido, na ɗaure haɓarta da ɗankwalina.

Munzali ya baro kasuwa da na kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula.

"Dole a kira hukuma," ya ce. "Ba a binne mutum a garin nan sai da su."

"Za su tambayi waya ta katanga."

"Su tambaya."

Ya danna lambar. Suka ce mu jira, kada mu motsa ta. Ya fita ya tsaya a inuwar bango da takardunmu biyu a aljihun gaba, yana ta taɓa su. Ni na zauna kusa da ita ina korar ƙuda.

Ana kiran la'asar na ji tsayuwar mota. Na miƙe. Ba su ba ne. Wani ne da tsani ya tsaya a gindin turken wuta, bai ko dubi ƙofar ba. Can sai ƙwan ɗakin ya kama, mukayyaf ya yi tari ya tashi da ƙararsa.

Sanyin ya fara sauka a hankali, ta wajen ƙafafunta. Sun leƙo daga ƙarƙashin zane, tafin duk faso. Na cire mayafina na rufe su, na koma na zauna.