B ta Uku

Waya na yin ƙara, Manaja ya danna lasifika ya ajiye ta a tsakiyar teburin taro. Shugabar sashen ba da rance, wadda kowa ke kira Anti, ta matso da kujerarta kusa. Masu auna ƙarfin bankuna ne suka kira. Bara matsayin BB suka ba bankin, kuma asusun 'yan fansho ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in bana ba a hau zuwa BBB ba, zai kwashe ajiyarsa. In ya kwashe, rabin ma'aikatan Anti sun rasa aiki.

Ita ce ta sha tambayoyin mutanen nan masu fuska kamar an yi musu mutuwa. Sun tona jari, sun tona rancen da ya maƙale, har sai da ta rame.

"Kwamitinmu ya zauna," in ji matar da ke waya. "Matsayinku na bana shi ne B, B..."

Ƙit, layi ya katse.

Manaja ya cire tabarau ya share gumi. "Shi ke nan, Anti, biyu ne. Je ki sanar da yaran sashenki."

"Ranka ya daɗe, ba ta sauke murya ba. Wanda ya gama magana ba haka yake jan numfashi ba."

"To, numfashi za mu kai wa 'yan fansho?"

"Ni dai ba na tashi daga kujerar nan."

Tsoro take ji sosai, taurin kai ne kawai ya zaunar da ita. Can sai wayar ta sake ƙara.

"Ku yi haƙuri, layi ne. Na ce B, B, B. Kuna ji na?"

Har masu gadi sun ji ihun murna. Manaja, da tumbinsa da komai, ya taka rawa. Anti ta fita baranda, daɗi ya cika ta, ta kira mahaifinta, tsohon malamin makaranta.

"Baba, mun ci. B uku!"

Ya tausasa murya. "B har uku, ba A ko ɗaya? Kada ki sa damuwa a ranki, 'yata. Baɗi ki ƙara ƙoƙari."

Ta gilashi tana hango yaranta sun rungume juna, kowa da aikinsa.

"To, Baba," ta ce. "Zan ƙara."