Ranar da Sukari Ya Zama Yashi

"Na shiga uku! Harshena ya mutu!"

Ihun Kawu ne ya fito da ita daga ɗaki da takalmi a ƙafa ɗaya. Ta tarar da shi a kicin ya rungume gwangwanin sukari, yana ɗura cokali a baki yana tofarwa.

"Yashi! Wallahi yashi nake tauna, 'Yar Ganye!"

Sunan da ya laƙaba mata ke nan tun da ta fara bincike a jami'a kan sinadaran ganyayen magani. Ta fizgo ƙofar firij. Gorar da ta ɓoye bayan tumatir, saboda firijin ɗakin gwaji ya lalace, ko sama ko ƙasa.

"Kawu, ina koren ruwan nan?"

"Au, naki ne? Na kurɓa na ji ɗaci har ƙeya, na ce lallai wannan mai aiki ne."

Damina guda ta yi tana tsinko ganyen nan, ta shanya a inuwa, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace. Yau ne layinta a na'urar da za ta rarrabe mata abin da ke cikinsa. In ta rasa ruwan nan sai baɗi, don ganyen ya riga ya kaɗe.

"Ke, zan warke kuwa?"

"Akwai wani sinadari a ciki mai siffar sukari," ta ce tana cije leɓe. "Shi ke hayewa kujerar sukari a kan harshe, in zaƙi ya zo ya tarar babu wurin zama."

"Ashe ɗan'uwanka ne, Yaya," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Ya zo baƙunta ya ƙi tashi."

"Shi dai zuwa an jima zai tashi, Mama. Kawu, don Allah, duka ka shanye?"

"Haba, sai ka ce raƙumi? Rabi na sha."

"Rabi ya ishe ni! Ina yake?"

Kawu ya shiga sosa gemu. "Wato da safe na fita miƙe ƙafa, sai na haɗu da wani bawan Allah yana kukan gwiwa..."

"Me ya haɗa ganyen nan da gwiwa?"

"Ganye ai ganye ne, 'yar nan."

Ta suri jaka, ta tasa shi gaba ya nuna mata hanya. Tana buɗe ƙofar gida ta yi kiciɓis da wata mata da ba ta taɓa gani ba, fulawa har gwiwar hannu, riƙe da gorar a kife, ko ɗigo babu.

"Nan ne gidan mai koren ruwa? Maigidana ya juye buhun sukari a kwaɓin kek ɗin mutane, yana rantsuwa ba a sa ba. Masu kek ɗin ga su nan tafe a bayana."

'Yar Ganye ta waiga. Kawu ya riga ya shige bayan Mama.