Ɓawon Madacin Malam Mode

Kowa a Wurno ya san lambun itatuwan da ke bakin gari, amma tsofaffi ne kaɗai ke tuna lokacin da wurin yake fako, ko akuya ba ta tsayawa. Malam Mode, malamin daji na wancan zamani, shi ya raya shi. A bayan kekensa ya ɗauko dashen kanya daga Lahodu, ɗorawa daga Rimawa, tsamiya da marke daga wajen Rabah. Yanzu 'yan makaranta na zuwa karanta sunayen da aka liƙa a jikin itatuwa, angwaye kuma na zuwa ɗaukar hoto, suna wani maƙale hula kamar su suka dasa. Abin kallon da ya fi duka shi ne madacin da ke tsakiya, wanda Malam Mode ya fara sawa a ƙasa.

Da zai bar aiki ya koma Goronyo, mataimakinsa Sirajo ya damƙa wa lambun, da sharaɗi guda: mai neman magani a ba shi ɓawo daga gabas ko yamma, a shafe wurin da laka, amma kada a kewaye itace da ɓara, don itacen da aka kewaye ya mutu ya gama.

To, Sirajo mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Tunda 'yan bindiga suka hana shiga daji, duk mai ciwon ciki sai ya nufo lambu. Wannan ta zo da goyo, wancan ya zo yana dafe da hanji, kowa "ɗan kaɗan don Allah". Gabas ta ƙare, yamma ta ƙare, aka taɓa kudu. Ranar da Sirajo ya farga, gindin madacin ya koma tas har iya inda hannu ke kaiwa, ganye kuma na zuba da damina tsaka. Ya yaɓa laka, ya ɗaura buhu, ya daina bi ta wurin don kunya.

Wata safiya yana ban ruwa sai ga mota a ƙofa. Mashkura, 'yar Malam Mode, ta fito riƙe da hannun tsohon. Idanunsa sun tafi, bai ganin komai. Sirajo ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, sannu da tahiya. Ba a ce muna kuna tahe ba."

"Gida ake yi ma sallama da takarda? Kewaya da ni, in ji ƙamshin ɗiyana."

Sirajo ya kewaya da shi, yana zuba surutu kamar an kunna rediyo. Ya kai shi kanya, ya kai shi ɗorawa, ya ba shi labarin angon da ya faɗo daga reshen tsamiya da babbar riga. Tsohon na dariya yana shafa kowane itace. Duk sa'ad da hanya ta nufi tsakiya, sai Sirajo ya karkata.

Can tsohon ya tsaya. "Sirajo, ba yawo kaɗai ya kawo ni ba. Ciki ya matsa mani, na sha na asibiti har na gaji. Ɗebo mani ɓawon madacina, ɗan kaɗan, daga gabas."

A nan ne Sirajo ya yi abin da ya fi kashe itacen muni. Ya zaro wuƙa, ya tafi wurin marke da ke kusa, ya ɓanto ɓawo, ya kawo da hannu bibbiyu. Mashkura na kallonsa tun daga tafiyarsa har dawowarsa. Sai ta kawar da kai.

Malam Mode ya gutsira, ya juya shi a baki, ya tofar a hankali.

"Kai ni wurinai."

Babu sauran dabara. Sirajo ya ja shi zuwa gindin madacin. Tsohon ya laluba ya kwance buhun, laka ta zubo. Ya ɗora tafinsa a kan busasshen itacen, ya bi shi yana zagayawa, yana neman inda ɓawo ya rage ko da faɗin yatsa ne, har ya dawo inda ya fara.

"Wa anka ba?"

"Duk wanda ya roƙa, Baba. Daji ba ya shiguwa, ni ko na kasa hana su."

Tsohon bai ɗauke hannunsa daga kan itacen ba.

"Wanga ban ga laihinka sosai ba. Ko ni, da mace ta zo mani da yaro yana kuka, ban san mi za ni yi ba." Ya juyo da fuskarsa daidai inda Sirajo ke tsaye. "Amma marke, Sirajo? Don ka ga ban gani?"

Sirajo ya matso kusa. Ya miƙa hannu zai riƙe shi su koma ƙofa, tsohon ya janye nasa, ya kira Mashkura ta zo ta kama shi.